"Kowa ya ci ladan kuturu…": cin nan karɓa ne ko haɗiyewa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan tarawihi kawu ya yi wa yayana tas. Yaya tela ne, ya karɓi rabin kuɗin ɗinkin wani maƙwabci mai shegen ƙorafi tun farkon azumi, yanzu ya ce ya fasa, zai mayar masa da yadinsa da kuɗinsa. Kawu ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Yaya ya ce shi ai bai ci ba, kuɗin na cikin durowa, ko sisi bai taɓa ba. Wa ke da gaskiya?

Malam Na-Gwale: Kawunka. Ranar da kuɗi suka shiga hannunka ka ci bashi, ba ranar da ka kashe su ba. Haka lada. Kuma Sallah saura kwana 6, wane tela zai karɓi yadin bawan Allahn nan yanzu?

Maman Ihsan: Malam a gafarce ni, ban yarda ba. Da karɓa ake nufi da an ce "kowa ya karɓi". An ce ci ne don abin da ya wuce maƙogwaro ba ya dawowa salin alin. Kowa ya ci buzu ai aman gashi zai yi. Wanda ladansa ke aljihu yana da ƙofar fita.

Ticha Auwal: Wannan ci ɗin shi ke kayar min da yara a aji. Wani ya rubuta min wai ya "eat" jarrabawa. Bature sai ya canja kalma ga kowanne: zaɓe daban, riba daban, amana daban. Mu kuwa duk mu cinye.

Bamaraɗiya: Ku tsaya ku ji na kakata, Allah Ya jiƙanta. Kitso take yi, a ƙauyenmu kusa da Danja, inda asibitin kutare yake a kudu da Maraɗi. Wata baiwar Allah da cutar ta cinye wa yatsu ta aiko mata da zabuwa, tana so a yi mata kitso za ta bikin 'yarta. Inna ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba, ta kife zabuwar da kwando ta tafi rijiya. Kafin ta dawo abokiyar zamanta ta sa an yanka, har an fige. Da dare maigida ya ci cinya, yara suka ci, kishiya ta sha romo. Inna ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, don haushi.

Da gari ya waye sai ga mai zabuwa da tabarmarta. Inna ta ce wa kishiya, "Yaya, ke kika ci, bismillah ga kai." Ita kuwa ko kalaba ba ta iya ba. Kakanmu ya saɓa fartanya ya ce shi gona za shi. Inna ce dai ta zauna ta tsefe kan nan, ta wanke da sabulun salo, ta yarfa mata kitson da aka yi ta zancensa a wurin biki. Daga ranar, har matar ta rasu, ita ke mata, ba ta ƙara karɓar ko ƙwai ba. Amma shekara da shekaru in faɗa ya haɗa ta da kishiya sai ta ce, "A biya ni zabuwata."

Malam Na-Gwale: Kin ga maganata. Ita ta karɓa, ita ta yi.

Maman Ihsan: A'a Malam, ba ta karɓa ba, ajiyewa ta yi. Cin da aka yi ne ya ɗaure ta.

Sarkin Zolaya: Kakanku ne gwani wallahi, ya ci cinya ya tafi gona. Da yana raye da mun tsayar da shi sanata.

Alhaji Zongo Kumasi: Ni abin da ban gane ba, lokacin zaɓe wane ne kuturun? Mu muka ci taliya da atamfa muka yi musu aski, ko su suka ci ƙuri'unmu suka gudu da askar?

Sarkin Zolaya: Alhaji a 2023 ko ladan ma ba a samu da kyau ba, takardun naira sun yi ɓatan dabo. Aski muka yi bashi. Namu tun da ya ci, sau ɗaya muka gan shi, shi ma a allon talla.

Nas Hauwa: Don Allah a rage tsokanar masu lalurar. Kuturta tana warkewa, tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kyauta, wata 6 zuwa 12 ake sha. Wanda ya fara magani ba ya harbin wanzami.

Ticha Auwal: To ga wata: magani sha ake yi ko da ƙwaya ce, duka kuma, wato bugu, a ci shi a sha shi.

Ɗan Fagge: Na karanta wa yaya labarin zabuwa. Ya buɗe durowa ya ƙirga, ashe matarsa ta zari dubu 3 ta yi cefanen buɗa baki.

Maman Ihsan: Shi ya ci abincin?

Sarkin Zolaya: Tambayi ko yana da gona.