Bas-bas na makaranta masu aiki da batir a Amurka: ko sauyin ya cancanci kuɗinsa?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Maryland, kuma hukumar makarantun gundumarmu tana shirin maye gurbin bas-bas masu shan dizal da masu aiki da lantarki. An gaya mana cewa farashin kowace sabuwa ya kusan ninka na mai dizal sau uku. Ina roƙon masana su fahimtar da ni ko yaranmu za su amfana, ko kuwa gara a zuba kuɗin a ajujuwa da albashin malamai.

Baban Aisha: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara tambayar inda kuɗin zai fito, domin dokar gina ababen more rayuwa ta 2021 ta ware wa hukumar kare muhalli ta EPA dala biliyan 5 don sauya motocin makaranta daga 2022 zuwa 2026, kuma irin wannan tallafi ba a iya karkatar da shi zuwa albashi. A ganina lafiyar yara ce babbar hujja. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa cutar, ga kuma masu asma da ke shaƙarsa kullum a bakin makaranta yayin da injin yake aiki motar tana tsaye.

Direba: Hajiya, aikin bas ɗin makaranta ya dace da batir, tunda hanyarta sananniya ce, tana fita da safe da yamma, sannan ta kwana a gareji tana caji. Inda ake samun cikas shi ne garejin, saboda sau da yawa sai kamfanin wuta ya kafa sabuwar taransifoma, kuma hakan kan ɗauki watanni. Lokacin hunturu ma nisan da motar ke iya zuwa yana raguwa, domin na'urar ɗumama ciki daga batirin take sha.

Baban Aisha: Gaskiya ne. A 2024 makarantun birnin Oakland na California sun koma amfani da bas 74 masu lantarki waɗanda ke iya mayar da wuta ga layin gari. Amma a ƙarshen shekarar kamfanin Lion Electric na Kanada, mai ƙera irin waɗannan bas-bas, ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, don haka a taron iyaye ki nemi a bayyana tsawon garantin batir da wanda zai samar da kayan gyara.