Na nemi Likitanci an ba ni Ilimin Tsirrai: waɗanda hakan ta taɓa faruwa da su, ya kuka yi?

'Yar Gwammaja:

Assalamu alaikum yayyena da iyayena. Shawara nake nema, amma daga waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, don masu cewa "ki yi haƙuri, haka Allah ya tsara" na same su da yawa a gida.

Bana ne karo na biyu da na zauna JAMB. Bara na ci 234, ko kallona ba a yi ba. Bana na dage na ci 268, na yi jarrabawar tantancewa ta jami'a, Likitanci na cike. Daren Talata wajen sha ɗaya muna tsakar gida saboda zafi, Yayana ya buɗe min CAPS, shafin JAMB da ake duba gurbin da aka ba mutum, a wayarsa. Sai na ga ya yi shiru yana ta jan allon sama da ƙasa. Na ce Yaya lafiya? Ya ce an ba ki, amma Ilimin Tsirrai ne. Sai da na sa ya maimaita.

Baba ya ce in danna in karɓa, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in na shiga daga baya a canza min. Umma ba ta ce komai ba. Tun ina aji uku na sakandare take kirana Dakta, yau kwana huɗu ban ji ta faɗa ba. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. In karɓa ko in sake zama?

Ɗan Kurna:

Ƙanwata, wannan "in kin shiga a canza miki" ita ce maganar da ta fi kowace kwantar mana da hankali, ita ce kuma ta fi cutar da mu.

Injiniyanci na nema a 2017, shekarar da aka fara CAPS, aka ba ni Fiziks. Na shiga da niyyar shekara ɗaya kawai zan yi musu. Ban san aji ɗaya na kimiyya kasuwa ba ce. Lakcar lissafi ƙarfe takwas ake farawa, in ka iso bakwai da rabi to ta taga za ka ji karatu, littafinka a bayan wani kana rubutu a tsaye. Daga Kurna adaidaita biyu nake hawa, ranar da aka samu cunkoso kuwa sai dai in ari littafin wani in kwafa da daddare. Da sakamakon shekara ya fito CGPA ɗina, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, 3.12. Mu wajen ashirin muka cike fom ɗin canjin sashe, biyu aka ɗauka, kuma gaskiya sun fi mu maki nesa ba kusa ba. Ba wanda ya zalunce ni.

Abin da ya fi yi min ciwo ba rashin canjin ba ne. Shekara guda na yi a sashen kamar baƙo. Ban yi abokin karatu ba, ban san ofishin kodinetan ajinmu ba, firaktikal ma ina yi ina raina shi, wai ni ai tafiya zan yi. Makin aji ɗaya kuwa ba ya gogewa, yana bin mutum har ranar da zai fita. Daga aji biyu na fara son Fiziks ɗin da gaske, na yi ta turawa, na ƙare da 3.41. Layin babbar daraja ta biyu 3.50 ne. Duk sanda na kalli takardata, waccan shekarar nake gani.

In za ki karɓa, ki karɓa da zuciya ɗaya.

Maman Biyu:

Ni ƙin karɓa na yi, har sau biyu. Lauya nake so, aka ba ni Tarihi na ce a'a, shekara ta zagayo aka ba ni Nazarin Addinin Musulunci na sake cewa a'a. Na uku na samu abin da nake so, Alhamdulillah, yanzu ina aikin lauya. Amma kar wani ya ji wannan ya ce ai shi ke nan.

Lissafin da ban yi ba shi ne shekaru. Na shiga, 2020 ta zo da korona da yajin aikin ASUU na wata tara. Muka koma, 2022 aka sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba. Karatun shekara biyar ya zama kusan bakwai, ga makarantar lauyoyi a gaba. Ɗana na fari a aji huɗu na haife shi, ƙanwata ke riƙe min shi a ƙarƙashin bishiya in shiga jarrabawa in fito in ba shi nono. Ƙawata da ta karɓi Tarihi a shekarar farko, lokacin da nake wannan fama ta gama digiri na biyu tana koyarwa.

Ban yi nadama ba. Amma ke Likitanci shekara shida ne in komai ya tafi daidai, ki ɗora a kan shekarunki ki gani, sannan ki tambayi kanki ko gidanku masu iya jira ne. Namu sun iya, ba kowane gida ba.

Tsohon Ma'aikaci:

'Yata, na yi shekaru ina aiki a ɓangaren ɗaukar ɗalibai na wata jami'ar tarayya kafin in yi ritaya, bari in faɗa miki yadda abin yake daga ɗaya gefen teburin.

Gurbin jami'ar tarayya kashi uku ake raba shi. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, daga ko'ina mutum ya fito a ƙasar nan. Kashi 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko. Ku 'yan gari kuna ganin kusanci gata ne, to gata ne, sai dai a cikin wannan 35 ɗin kuna gogayya da dubban 'yan uwanku da su ma ba sa son barin gida. Jami'ar da ke tsakiyar babban birni kowa ita yake cikewa, musamman iyayen 'ya'ya mata da ke son yarinya ta riƙa kwana a gida.

Sannan Likitanci ba jami'a ce ke yanke yawan waɗanda za ta ɗauka yadda ta ga dama ba. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadi gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta, kamar yadda hukumar ilimin lauyoyi ke ƙayyade na Shari'a. In an haura, matsala ce babba a gaba. Shi ya sa za ki ga mai 268 a waje, ba don ba ta yi ƙoƙari ba, kujerun ne suka ƙare tun ba a sauko kanta ba. Da a bar irinku ku tafi haka, sai a duba sashen da ke da fili kuma darussanku suka dace da shi, a miƙa muku.

Maganar canji kuwa, ki tuna su kansu waɗanda aka ɗauka a Likitancin sai sun tsallake siraɗin aji ɗaya kafin su wuce. Kujerar da za ta saura wa na waje ba ta da yawa, wata shekarar ma babu. Na sha ganin uba ya zo da babbar riga ya zauna a ofis tun safe, ni kuma ba ni da abin da zan ce masa sai ruwa da zan ba shi. Ki gaya wa Babanki ya je ya tambayi ƙa'idar canjin a rubuce kafin ya ɗora buri a kai.

Na Bakin Kasuwa:

Baba Tsohon Ma'aikaci, da na ji wannan bayani shekara huɗu baya da ragon Babanmu yana nan. 😅

Mu wani muka haɗu da shi a shagon cike fom, fes da shi, kati rataye a wuya, fayil a hammata. Ya ce shi ciki yake, dubu ɗari da hamsin zai mayar da ni Harhaɗa Magunguna cikin sati biyu. Baba ya sayar da ragon da yake kiwo don layya ya cika kuɗin. Mutumin har takarda ya kawo mana mai hatimi. Ranar tantancewa matar da ke karɓar takardu ta ɗaga ta sama ta kalla, ta kalle ni, ta ce yaro wa ya ba ka wannan? Ashe ko masinja bai taɓa yi a wurin ba. Lambarsa har yau a kashe. Allah ya taimake ni gurbina na asali ban ƙi shi ba, na koma na rungumi Kimiyyar Sinadaraina. Duk abin da bai fito a CAPS ɗinki ba, ba admishan ba ne, ko wa ya kawo.

Malamin Fassara:

Na yi dariya da na ga Ilimin Tsirrai ake wa kuka. Ni Aikin Jarida na nema a Jami'ar Bayero, na samu Hausa. Ranar da na faɗa a majalisarmu wani ya ce, to kai da wane yaren kake mana magana duk shekarun nan? Wata gwaggona ta ce in dai Hausa ce a kawo mata kuɗin makarantar ita ta koya min.

Sati uku da fara karatu aka shiga tsarin sauti, malam ya rubuta kalma ɗaya a allo ya ce mu fitar da karin sautinta da tsawon wasulanta. Mu duka Hausawa, aji ya yi tsit. A nan na san jin harshe daban, saninsa daban. Daga baya na gano inda nake zaune ma ba ƙaramin wuri ba ne a wannan fage, cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta jami'ar ce ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006. Yau fassara nake ci da ita, kuma gidan rediyon da na yi mafarkin shiga da takardar jarida, da takardar Hausa na shige shi.

Ban ce kowa zai dace haka ba. Cikin 'yan ajinmu akwai wanda har muka gama in an tambaye shi me yake karanta sai ya ce "Arts" ya kau da kai.

Uwar Ɗaki:

Ƙanwata akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, ita na bi. Na karɓi Ilimin Dabbobi, na shiga, na kuma sake sayen fom ɗin JAMB ina aji ɗaya. Da rana lakca, da daddare tsofaffin tambayoyi. Na samu Aikin Jinya a shekara ta biyu, na ajiye wancan gurbin, don ba a riƙe biyu lokaci guda. Amfanin da na gani, Bayoloji da Kemistirin aji ɗaya sun sa jarrabawar ta zo min da sauƙi, kuma ban zauna a gida ana min kallon tausayi ba. Illar kuwa kuɗin rajistar shekara guda ya tafi, kuma na rame har Mama ta kai ni asibiti. Wata ƙawata ita IJMB ta yi, shirin share fagen shiga jami'a da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ta shiga aji biyu kai tsaye, sai dai a manyan kwasa-kwasai nan ma layin dogo ne.

Mai Jiran Kira:

Ƙarin bayani ga duk wanda Allah ya ba shi canjin. Ni na samu, daga Ilimin Ƙasa zuwa Kimiyyar Kwamfuta, na yi murna na manta da komai. Ban koma na gyara bayanaina na JAMB ba, sakacina ne. Sai da na gama, abokaina suna ɗinka kakin bautar ƙasa, aka ce kwas ɗin da ke takardata bai dace da wanda ke rajistar JAMB ba. Rukuni biyu suka tafi suka bar ni ina zarya da fayil. Shekarata 29 a lokacin, kullum ina lissafi, duk da an ce min shekarun da mutum ya kammala da su ake dubawa, wanda ya haura 30 shi ake ba takardar yafewa. Ranar da aka canza maka sashe, washegari ka fara bin gyaran.

Ɗan Kurna:

Mai Jiran Kira, kai ka samu canjin ka sha wuya, mu ba mu samu ba mun sha wuya. Jami'a dai!

'Yar Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan isha na karanta wa Baba duka, ya sa na maimaita masa na Baba Tsohon Ma'aikaci sau biyu. Da na zo kan labarin rago bai yi dariya ba. Ashe akwai wanda ya riga ya yi masa irin wannan tayin a masallaci, bai faɗa mana ba.

Yau da safe Yaya ya kai ni jami'ar a babur muka nemi sashen. Akwai wani ɗan lambu a bayansa, ko wace bishiya da allon suna a jikinta, har da darbejiya da zogale, sunayen ko karanta su ban iya ba. Wata 'yar aji uku ta fito da farar riga irin ta ɗakin gwaje-gwaje, na tambaye ta ko ita ma ba shi ta nema ba. Ta yi dariya ta ce in nemo mata wanda ya nema. Ta ba ni lambarta.

Na danna na karɓa ɗazu. Maganar sake zama JAMB ban yanke ba tukuna, Anti Uwar Ɗaki zan biyo ki ta akwati in ba damuwa. Umma da na gaya mata ta ce to, sannan ta tambaye ni ko masu wannan karatun su ma suna sa farar riga.