Goge fayil yadda ba zai dawo ba: abin da aka tattauna

An yi wata hira ce kan yadda za a goge fayil daga kwamfuta ta yadda ba wanda zai iya dawo da shi. Abin da kusan kowa ya yarda da shi a hirar shi ne, dilit kawai ba gogewa ba ce. Kwamfuta tana cire sunan fayil ɗin ne ta ce wurin ya zama fili, amma bayanan suna nan kwance har sai wani abu ya hau kansu, shi ya sa manhajoji irin su Recuva ko PhotoRec ke iya zaƙulo hotunan da ka ɗauka sun tafi. Fomat na gaggawa ma haka yake.

Idan tsohon had dis ne mai juyawa, maganin shi ne a rubuta wani abu a kan wurin. Masu Windows sun ce a yi haka da manhajar Eraser ko umarnin cipher /w, masu Linux umarnin shred, in dis ɗin gaba ɗaya ne manhajar DBAN. An ɗan ja kan sau nawa za a maimaita rubutun, wasu suka kawo tsarin Gutmann na 1996 mai zagaye 35, amma gaskiya a dis na zamani sau ɗaya ya wadatar, sauran ɓata lokaci ne.

SSD (dis na zamani da ba ya juyawa) da filash kuwa nan ake samun matsala, domin suna rarraba rubutu wurare daban-daban, sai ka goge nan ashe kwafin yana can. Shawarar ita ce Secure Erase, wato umarnin goge dis gaba ɗaya na kamfanin da ya ƙera shi, ko tun farko ka kulle komai da BitLocker (tsarin Windows mai mayar da bayanai rubutun sirri), in ka lalata makullin shi kenan.

Kar a manta da kwafin Google Drive da imel. In sirrin babba ne sosai, a huda dis ɗin ko a farfasa shi kawai.