Batir mara buɗewa ya kumbura cikin wata takwas: laifin caji ne ko na zafi?

Ɗan Kassala:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wata takwas da suka wuce na sayi baturan dalma guda biyu, irin waɗanda ba a buɗewa a ƙara musu ruwa, kowanne bolt 12 da 100Ah (amfiya-awa, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), aka haɗa su a jere suna ba inbata bolt 24. Suna ɗaukar fanka biyu da fitilu huɗu da ƙaramin firjin da muke ajiye allurar ciwon sukari ta mahaifiyata, kuma saboda wannan firjin ne hankalina ya tashi. Da farko sukan kai mu har kiran asuba, yanzu kuwa kafin sha biyun dare inbatar ta fara kuka. Jiya na ɗora tafin hannuna a kan ɗaya na ji shi da zafi sosai, gefensa kuma ya turo waje. Suna ɗakin ajiya mai rufin kwano. Shin jabu aka sayar mini, ko ni ne na yi kuskure?

Mai gyaran inbata, Gadarif:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kafin komai ka cire wanda ya kumbura yau ɗin nan, domin batirin da ya kumbura yana kuma zafi ya gama aiki, ci gaba da yi masa caji haɗari ne.

Sannan ka duba irin batirin da aka zaɓa a cikin saitin inbatar. Sau da yawa nakan tarar an bar ta a kan batir mai ruwa, wanda lokaci-lokaci ake ɗaga masa caji ya haura bolt 15 a kan kowane batir mai bolt 12. Mai ruwa yana jure haka saboda ana ƙara masa ruwa, amma rufaffe idan caji ya yi masa yawa sai iskar gas ta fita ta ɗan bawul ɗin da ke kansa, ruwan da ya tafi kuma ba ya dawowa, a hankali cikinsa ya bushe. Ga kowane batir mai bolt 12, cajin cikawa yana tsakanin 14.4 da 14.7, na riƙewa bayan ya cika kuma 13.5 zuwa 13.8. Idan mai jel ne, wato rufaffen da aka daskarar da ruwan cikinsa, kada cajin cikawa ya wuce 14.4.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, waɗannan alƙaluma na yanayin digiri 25 ne, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. A kowane digiri ɗaya da aka haura 25 ana rage cajin riƙewa da kusan milibolt 18 (bolt 0.018), wato a digiri 40 ya sauko wajen 13.4. Shi kansa zafin, ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rabin kwanan batir.

Malamar kimiyya, Sinnar:
Na yarda da bayanin Malam mai gyaran inbata, amma ɗan'uwa, akwai lissafin da ya kamata ka yi. Baturanka biyu suna riƙe da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma abin da ya dace ka ci a dare ɗaya bai wuce rabi ba. Idan fankokin da fitilun da firjin suna jan wat 230, cikin awa takwas ka ci wat-awa 1,840, ban da abin da inbatar ke ci da kanta. Ke nan tun lokacin da kake murnar suna kai ka asuba kana zuƙe su fiye da kima.

Mayar da abin da aka ci kuma yana buƙatar lokaci. Da cajin amfiya 10, awa biyar ma ba ta isa ta mayar da rabin ba, domin ƙarshen cikawa a hankali yake shiga. Idan wuta ta zo na awa uku ta ɗauke, batirin ya kwana bai cika ba, gishirin dalma da ke taruwa a kan farantansa sai ya daskare ya daina narkewa. Ka gwada su da mita bayan sun huta awa huɗu ba caji ba kaya: cikakke yana nuna 12.7 zuwa 12.9, wanda ya kai rabi kuma wajen 12.1.

Ɗan Kassala:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba saitin na tarar a kan mai ruwa yake, kamar yadda Malam ya faɗa. Mai kumburin ya nuna 10.6, ɗayan kuma 12.3. Zan iya sayen sabo guda ɗaya in haɗa shi da tsohon?

Mai gyaran inbata, Gadarif:
Wannan 10.6 alama ce cewa ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ya mutu. Kada ka haɗa sabo da tsoho a jere, Malam, domin ba za su cika tare ba, tsohon zai ja sabon su lalace. Ka sayi biyu iri ɗaya, ka gyara saitin kafin ka jona su, ka fitar da su daga ƙarƙashin kwanon zuwa ɗakin da ya fi sanyi a gidan, da tazarar yatsu biyu a tsakaninsu don iska ta ratsa. Tsohon mai 12.3 ka cika shi shi kaɗai ka bar wa fitilu masu bolt 12, da dare kuma ka kashe fanka ɗaya don firjin Hajiya ya kai safe.