"Ɗan uwa rabin jiki": shin har da 'yar uwa, kuma su wa ake nufi idan aka ce "mazaje"?

Malama Rabi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya. A taron zumunta na danginmu da aka yi a cikin birnin Zariya, kusa da Ƙofar Doka, wani ƙanena ya tashi zai yi bayanin gudummawar da za a tara wa wata 'yarmu marar lafiya, sai ya buɗe da cewa, "Mazaje, ku saurara," alhali mu mata mun fi su yawa a tsakar gidan, kuma mafi yawan kuɗin daga adashinmu ya fito. Da na yi masa magana, ya ce bai yi nufin ware mu ba, haka suke kiran juna shi da abokansa. Ya kuma kafa hujja da karin maganar nan, "ɗan uwa rabin jiki", wai ai ɗan uwa aka ce, amma ba wanda ya taɓa cewa 'yar uwa ba ta ciki. Shin hujjarsa ta zauna? Ni dai na ji an yi taro a kan kuɗinmu an kira wasu ban da mu.

Malam Yusha'u, Samaru:
Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanenki ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Hausa tana rarrabe namiji da mace ne a tilo kawai: kai da ke, shi da ita, ɗan da 'yar. Da zarar an shiga jam'i, bambancin ya faɗi, sai a ce ku, su, 'yan, ko taron na maza ne ko na mata ko a cakuɗe. Shi ya sa "'yan uwa" ta game kowa, har ma muke cewa "'yan mata", ba wanda ke jin wani abu. Ƙungiyar karatun mata da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa a ƙarni na 19 sunanta 'Yan Taru, kuma mata ne zalla. Da ƙanenki ya ce "'yan uwa" ko "jama'a" ko "bayin Allah", da ba ki sami abin cewa ba. Amma "mazaje" ma'anarta ce ke ɗauke da jinsi, kamar "samari" da "ƙawaye", don haka jam'i ba ya wanke ta.

Game da karin maganar, ina ganin "ɗan uwa" a nan kamar "mutum" take a cikin "mutum tara yake, bai cika goma ba". Ba wanda zai ce mace ta cika goma don an ce "yake".

Nasiru, Kongo:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izinin in kare ɗan uwana matashi. Mu a tsakaninmu "mazaje" ta daɗe da zama yabo, ana nufin jarumai, masu tsayawa a kan lamari. Ai Hausawa kan ce mace "ta yi namijin ƙoƙari", kuma ban taɓa jin wadda ta yi fushi da hakan ba. A nan Zazzau ma, idan ana ba da labarin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, da irin wannan lafazin ake kwarzanta ta, a ce mace ce mai kamar maza. Idan matan gidan su ne suka ɗauki nauyin jinyar, sun fi kowa cancantar sunan.

Hajiya Binta, Kwarbai:
Ɗana Nasiru, maganarka ta yi daɗin ji, sai dai ka juya ta ka gani. Idan mace ta yi abin kirki a ce namijin ƙoƙari, to idan namiji ya yi haƙuri da juriya irin na masu jego, wa ya taɓa ce masa ya yi macen ƙoƙari? In kuwa ka shiga majalisar abokanka ka ce, "Mata, ku saurara," faɗa za a yi. Kalmar da ke tafiya gefe ɗaya kawai, a ɗaga mace da sunan namiji, a ƙasƙantar da namiji da sunan mace, ba za a ce ta kowa ce ba. Mun karɓi "namijin ƙoƙari" ne domin mun san alheri ake nufi, amma mun san abin da ke ƙarƙashinta.

Ina kuma so Malam Yusha'u ya duba wani abu da ya tsallake. A cikin "ɗan uwa" akwai uwa. Bahaushe da ya so ya faɗi kusanci mafi ƙarfi, sai ya jingina shi ga mace, ya bar "'yan ubanci" ya zama sunan gaba da hassada a gida. Haka kuma "iyaye", wadda ta haɗa uwa da uba, daga ɓangaren uwa ta fito, domin jam'in uba shi ne ubanni. Ban taɓa jin magidancin da ya ƙi amsa kira a taron iyayen yara a makaranta don an ce "iyaye" ba. Ke nan harshenmu ya san yadda ake tara kowa a ƙarƙashin kalma ɗaya ba tare da an ture wani ba, kuma wanda ya bar waɗannan ya zaɓi "mazaje" a gaban iyayensa mata, ladabi ne ya kuɓuce masa.

Malam Yusha'u, Samaru:
Na karɓi gyara, Hajiya. Zan ƙara da cewa "jama'a" kanta, wadda muka aro daga Larabci, tamace ce a nahawu, muna cewa "jama'a ta taru", kuma ita ce sunan da ake kiran mabiya Shehu Usmanu da shi tun kafin jihadin 1804.

Alaramma Idi, Babban Dodo:
Ni ina da ja a kan karin maganar, ba na tare da Malam Yusha'u gaba ɗaya. A yadda na taso na ji dattawa suna amfani da ita, an fi kawo ta a wurin gayya, da rikicin gona, da ɗaukar gawa, wato wuraren da namiji ke neman namiji ya tsaya masa. Mace kuwa ana ganin za ta yi aure ta koma wani gida, shi ya sa ba lallai ne ita ce a zuciyar mai maganar ba. Ba ina yabon wannan ba ne, ina faɗin abin da na ji ne. Kuma damuwar Malama Rabi tana da tushe a addini. A Larabci jam'in maza yakan game mata, shi ya sa muke cewa "alaikum" ga kowa. Duk da haka an ruwaito cewa Ummu Salama ta tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, me ya sa ake ambaton maza ba a ambaton mata, sai aya ta 35 ta Suratul Ahzab ta sauka tana jero musulmi maza da musulmi mata, muminai maza da muminai mata, har ƙarshenta. Idan nahawu ya ce kina ciki amma kunnenki bai ji sunanki ba, ba laifi ne ki tambaya ba.

Zainab, Sabon Gari:
Iyayena, ni tambayata a kan "gayu" ce. A ajinmu maza da mata kowa yana cewa "gayu, ya kuke?", kuma mu 'yan mata muna faɗa wa juna ko babu namiji a wurin. Na san daga Turanci aka aro ta, kuma asalinta sunan wani namiji ne, Gai Foks, wanda aka kama a 1605 yana shirin tarwatsa majalisar Ingila. Amma da ta zo Hausa sai ta koma kwalliya, har ana cewa "'yar gayu" kamar yadda ake cewa "ɗan gaye". Ni ba na jin an ware ni idan aka ce "gayu", amma ina ji idan aka ce "mazaje".

Hajiya Binta, Kwarbai:
'Yata, tunda ku da kanku kuke kiran juna da ita, ta zama taku. Matsalarta ta shekaru ce. Kada ki shigo ɗakin da nake ki ce "gayu".

Nasiru, Kongo:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Mu Zage-zagi ana yawan cewa ba mu damu da jinsin kalma ba, domin za ka ji "rigana" a wurin "rigata", ko "motan" a wurin "motar". Ina tunanin ko wannan ne ya sa kunnenmu bai cika tsayawa a kan irin wannan bambanci ba.

Malam Yusha'u, Samaru:
Wannan jinsin riga da mota ne, Nasiru. Bazazzagin da ke cewa "rigana" ya san sarai cewa gwaggonsa ba ta cikin mazaje.

Malama Rabi, Tudun Wada:
Na gode muku duka. Alaramma, maganarka ta fi yi mini nauyi, domin ta nuna mini cewa wataƙila tun asali ba a sa mu a lissafin karin maganar ba. Sai dai a gidanmu, lokacin da mahaifinmu ya kwanta ciwo, mu 'ya'yansa mata ne muka baro ɗakunanmu muka yi ta karɓa-karɓar kwana a asibiti wata biyu, kuma shi da bakinsa ya kama hannun yayata ya faɗi wannan karin maganar, bai sauya ko harafi ɗaya ba. Za a sake zama ranar Asabar bayan La'asar, ƙanena ne kuma zai buɗe taron. Na roƙe shi ya ce "iyayena da 'yan uwana", ya ce zai duba. Ko akwai wanda ya taɓa jin wata tsohuwa ta ce "'yar uwa rabin jiki"? Ina so in sani kafin ranar.