Muhawara: Shin ya dace labarin kisa ya ba da dariya?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina da magana guda, kuma na san ba kowa zai yarda da ni ba. A ganina, cikin duk labaran aikata laifi, babu wanda ya kai gajeren labari mai duhu da ban dariya faɗin gaskiya a kan mai laifi. Ina nufin irin wanda Faransawa suka laƙaba wa suna nuwar, wato baƙi. Sunan ya kafu ne daga 1945, lokacin da Marcel Duhamel ya fara fitar da jerin littattafai masu baƙin bango a kamfanin Gallimard na Paris, akasarinsu fassarar labaran marubutan Amurka da Ingila. A labarin bincike da muka saba, kana biye da mai neman gaskiya har ya kamo ɓarawo. A nuwar kuwa cikin kan mai ɓarnar aka zaunar da kai, kana jin lissafinsa, kuma tun shafin farko ka san ba zai wanye lafiya ba.

Dariyar daga nan take fitowa. Mutum ya ɗauki kansa gwani, ya ƙirga komai, ya auna komai, sai wani ɗan abu da bai kai ya kawo ba ya kayar da shi. An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Waɗannan labaran na mutanen da suka zurfafa ramin ne, muna tsaye muna kallo.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Ni fa ban yarda ba. Rai ba abin wasa ba ne. Duk labarin da ya sa ni dariya alhali ga gawa kwance, ya rage wani abu a zuciyata ko ban ankara ba. Yau ka yi dariya a shafi, gobe ka ji labarin kisa na gaske ka kasa jin komai. Kuma gajartar da kake yabo ita ce ta fi damuna. A dogon littafi ana ba wanda aka kashe uwa da 'ya'ya da buri. A shafi goma fa? Gawa ce kawai da ake neman inda za a ɓoye ta.

Ɗanlami: Hajiya, da girmanki, marubutan ba su suka ƙirƙiro wautar ba, a kotu suka same ta. A watan Maris na 1927, a unguwar Queens ta New York, wata mata mai suna Ruth Snyder da saurayinta Judd Gray, ɗan tallan rigunan ciki na mata, suka kashe mijinta don kuɗin inshora, irin wadda ake biya ninki biyu idan mutuwar ba ta Allah da Annabi ba ce. Suka hargitsa gida don a ce 'yan fashi ne. Kayan adon da ta ce an sace, 'yan sanda suka tsince su a ƙarƙashin katifarta. Shi kuma ya rantse yana garin Syracuse a daren, sai ga guntun tikitin jirgin ƙasa a kwandon sharar ɗakinsa na otal. Da aka matsa musu, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa. Ɗan jarida Damon Runyon, wanda ya bi shari'ar, sunan kisan dolaye ya ba ta. Daga wannan shari'a James M. Cain ya samo ƙashin bayan labarinsa na kisa don inshora, wanda mujallar Liberty ta buga kashi-kashi a 1936.

To marubucin da ya cire wautar, ya mai da su biyun nan masu basira da kwarjini, shi ne ya yi ƙarya. Shi ne kuma ya yi wa kisa kwalliya.

Hajiya Rabi: Ɗanlami, ka kawo mini hujja da hannunka. Ka faɗi sunan matar, ka faɗi na saurayin har da sana'arsa, ka faɗi na ɗan jarida da na marubuci. Mijin fa? Albert Snyder sunansa, yana aiki a wata mujalla ta jiragen ruwa. Akwai 'yarsu mai shekara tara a gidan a daren. A Janairun 1928 aka kashe uwarta a kujerar lantarki a kurkukun Sing Sing, wani mai ɗaukar hoto ya ɗaura kyamara a ƙafarsa ya ɗauka a ɓoye, washegari hoton ya cika shafin farko na jaridar Daily News. Yarinyar nan ta rasa uba da uwa cikin wata goma. Kai kuma katifa ka tuna.

Ɗanlami: Wannan kam kin kama ni. Ban ambace shi ba, kuma ya kamata in ambata.

Malam Habu: Maganar Hajiya tana da nauyi, ba zan kauce mata ba. Amma a duba wanda ake yi wa dariyar. Babu mai hankalin da ya ji wannan labari ya yi wa Albert Snyder dariya. Waɗanda suka raina rai har suka yi masa farashi ake yi wa. Ni a wurina wannan dariya hukunci ce. Mai kisa yana iya jure a ji tsoronsa, wani ma yana so. Abin da ba ya iya jurewa shi ne a gane wawa ne.

Yaya Bilki: Malam, a nan zan rabu da kai, duk da ina cikin masu son waɗannan labaran. Kana magana kamar kullum mai laifi ke faɗa wa ramin. Ba haka ba ne, kuma waɗanda suka fi zama a raina su ne waɗanda bai faɗa ba.

Akwai gajeren labarin Roald Dahl na 1953. Mace mai ciki wata shida tana zaune tana jiran mijinta, ɗan sanda, ya dawo daga aiki. Ya dawo ya faɗa mata wata magana, marubucin bai ma rubuta mana ita ba, amma mun gane rabuwa ce. Ta tashi kamar wadda ba ta ji ba, ta ɗauko cinyar rago daskararriya daga firji don yin abincin dare, ta zo ta bayansa ta kwaɗa masa a ƙeya. Sai ta sa naman a tanda, ta gyara fuska, ta je kanti ta yi sayayya don a gan ta, ta dawo ta kira 'yan sanda. Abokan aikin mijin suka cika gida suna neman makamin. Dare ya yi, ta roƙe su su ci naman kada ya lalace. Suna ci suna cewa makamin nan tabbas yana kusa. Ita tana ɗaya ɗakin tana ƙyalƙyala dariya.

Ina hukuncin a nan, Malam? Ta sha. Ranar da na fara karanta shi na yi dariya sosai, sai kuma dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro, don na gane tun da ta ɗaga naman nake addu'ar kada a kama ta. Labarin bai yi wa matar shari'a ba. Ni ya kama. Wannan ne abin da nake nema a irin waɗannan labaran, su nuna mini sauƙin da zuciyata ke da shi wajen goyon bayan ɓarna idan aka ba ta dalili mai daɗi.

Hajiya Rabi: Bilki ƙanwata, ke kin tsaya kin tuhumi kanki. Masu karatu nawa ne ke tsayawa? Da yawa za su yi dariya su buɗe na gaba.

Yaya Bilki: Gaskiya ne, Hajiya. Amma mai karanta dogon labarin bincike ma yana rufe littafi da natsuwa, an kama mugu, duniya ta koma daidai, shi kuma yana cikin mutanen kirki. Wannan natsuwar ta fi ba ni tsoro.

Malam Habu: Na karɓi gyaran Bilki, hukuncin ba kullum kan mai laifi yake sauka ba. Bari in koma kan gajarta, don Hajiya ta ce ita ce matsalar, ni kuma ina ganin ita ce kariyar. Tun 1842 Edgar Allan Poe ya rubuta cewa labari ya fi ƙarfi idan za a karance shi a zama ɗaya, daga rabin awa zuwa awa ɗaya ko biyu, don marubuci ya riƙe mai karatu ba tare da duniya ta shiga tsakani ba. A nuwar wannan ya zama dole. Zama a cikin kan mai kisa kamar nutso ne, numfashi ɗaya ake yi. Idan aka ja shi shafi ɗari biyar, ɗayan biyu zai faru: ko ka gaji ka ajiye, ko ka saba da shi ya zama abokinka. Na biyun ne ya kamata Hajiya ta ji tsoro. Labarin Dahl da an ƙara masa babi biyu, an nuna matar tana rainon jaririnta, tana karɓar ta'aziyya, da mun yafe mata gaba ɗaya. An yanke shi ne daidai kan dariyarta, aka bar mu da ita.

Salon ma a gajerun labarai aka haife shi. Mujallar Black Mask ta fara fita a 1920, a kan takarda mai arha, kuma a cikinta Dashiell Hammett ya yi suna, mutumin da ya yi aikin bincike a kamfanin Pinkerton kafin ya kama alƙalami. Raymond Chandler ma a nan ya fara buga labari a 1933. Jimla gajera, ba a bayyana abin da mutum ke ji, sai abin da ya yi da abin da ya ce. Irin wannan bushewar harshe ita ke haifar da rahar, don abin tashin hankali idan aka faɗe shi da muryar mai karanta lissafin kaya, kunne ba ya sanin inda zai ajiye shi.

Sadiya: Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da duk kuka tsallake. Kuna ta tambayar wa ake yi wa dariya, ba ku tambayi wa ke yin ta ba.

Chester Himes baƙar fata ne ɗan Amurka. Yana da shekara 19 aka ɗaure shi a kurkukun Ohio kan fashi da makami, a can ya fara rubuta gajerun labarai. Ya fito ya rubuta littattafai masu zafi kan wariyar launin fata, ba su ciyar da shi ba, ya koma Faransa a 1953. Duhamel ɗin nan da Malam ya ambata shi ya nemi ya rubuta masa labarin laifi. Na farkon ya ci babbar kyautar labaran 'yan sanda ta Faransa a 1958. Jarumin talaka ne a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, yana aiki wurin mai shirya jana'iza, 'yan damfara suka gamsar da shi cewa za su mai da takardun dala goma su koma na dala ɗari idan aka gasa su a murhu. Ya kawo duk abin da ya tara. Murhun ya fashe. Daga nan masifa ta bi masifa, har da gudu a motar ɗaukar gawa. 'Yan sandan labarin biyu, ɗaya laƙabinsa Akwatin Gawa, ɗaya Mai Haƙa Kabari.

Hajiya, wannan ba dariyar mai ƙoshi ba ce da ke leƙen wahalar wasu ta taga. Ta mutumin da ya zauna a ciki ce, ya ga rayuwar da aka tsara wa mutanensa ba ta da kai ba ta da gindi, ya ga kuka ya ƙare bai canza komai ba. Idan muka ce bai dace ba, mun ƙwace wa irinsa hanyar da ta rage masa ta faɗin abin da ya gani.

Ɗanlami: Haka ma littafin Jim Thompson na 1964, na shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari a kudancin Amurka da ke nuna kansa sakarai kuma malalaci alhali yana kashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Da Bertrand Tavernier zai mai da shi fim a 1981, sai ya ɗauke labarin ya kai shi Afirka ta Yamma ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa, a 1938, kuma ya zauna daram. Duk inda aka ba mutum iko aka ce wasu rayuka ba a ƙirga su, labarin zai shiga.

Hajiya Rabi: Sadiya, maganarki ta shige ni fiye da ta kowa. Wanda wuta ta ƙona yana da haƙƙin ya faɗi zafinta da muryar da ya ga dama, ban isa in hana shi ba. Zan nemi na Himes in karanta. Amma ban janye ba. Himes ɗaya ne, masu kwaikwayon salon ba tare da sun ɗanɗani komai ba sun fi yawa, kuma su gawa kayan aiki ce a hannunsu. Ma'aunina bai canza ba: idan na rufe labarin ban iya tuna ko abu ɗaya game da wanda aka kashe ba, marubucin ya ci amanarsa, komai iya rubutunsa.

Bilki, tunda ke kika kawo na Dahl, gaya mini gaskiya. Mijin nan, me kika sani game da shi?

Yaya Bilki: Kaɗan, Hajiya. Ya shigo a gajiye, ya shanye abin da ke kofinsa a kurɓi ɗaya, abin da bai saba yi ba, ya tashi ya ƙaro da kansa. Ya kasa kallonta sosai lokacin da yake magana. Ya ce zai riƙa ba ta kuɗi, kuma ba ya son a yi surutu saboda aikinsa. Yana tsaye yana kallon taga ta zo ta bayansa. Shekaru da yawa ke nan da na fara karanta shi, kuma har yanzu ina ganin bayan nan nasa.