Pete Rose: a sa shi a Zauren Gwaraza ko a bar shi waje?

Direban Ohayo: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Mutumin da ya fi kowa yawan bugu a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka, bugu 4,256, ya rasu ranar 30 ga Satumba 2024 yana da shekara 83, bai ga an rataya allonsa a Zauren Gwaraza na Cooperstown ba. Pete Rose nake nufi. Daga 1963 har 1986 yana fili. Ya ci World Series, wato kofin zakarun gasar, da ƙungiyar Reds a 1975 da 1976, ya ƙara da Phillies a 1980. Ranar da aka buɗe filin Reds a Cincinnati ta jihar Ohayo don yi masa bankwana, awa 14 saboda lambar rigarsa 14 ce, ina wajen. Ruwa ake zubawa, amma tsofaffi na layi da jajayen riguna, wani har da sandar dogarawa, jikarsa ta riƙe masa lema. Duk saboda kuskure ɗaya aka hana shi shiga Zauren. Sai a watan Mayun 2025 kwamishinan gasar Rob Manfred ya cire sunansa daga jerin waɗanda aka haramta wa wasan. Bayan mutum yana kabari! Wallahi abin nan na ƙona min rai.

Kawu na Bronx: Wa alaikumus salam. Kuskure ka ce, ɗana? Kuskure shi ne ka taka ƙafar mutum a sahu ka ce yi haƙuri. Mutum yana kocin Reds yana zuba kuɗin caca a kan wasannin ƙungiyar da yake jagoranta. Sunan wannan ganganci.

Hajiya Mai Tuwo: Ni don Allah a fara gaya min mene ne bugun da ake ƙirgawa har dubu huɗu.

Ɗan Zongo: Hajiya, idan ya doki ƙwallo da sanda ya ruga ya taka tasha ta farko lafiya kafin a fitar da shi, bugu ɗaya ke nan. Wanda ya kai 3,000 ma gwarzo ake kiransa.

Direban Ohayo: Kawu, da girmanka, kuskure ne. Caca ciwo ce. Wanda ta kama ba ya cikin hayyacinsa.

Kawu na Bronx: Doka ta 21 tana manne a ɗakin canza kaya na kowace ƙungiya. Ta ce wanda ya yi caca a kan wasan da yake da hannu a ciki, an kore shi har abada. Shekara ashirin da wani abu yana wucewa ta gabanta kullum. A watan Agustan 1989 da hannunsa ya sa hannu a takardar korar, zamanin da Bart Giamatti ke kwamishinan gasar. Daga nan ya yi ta musu, ya rantse bai yi ba, sai 2004 ya amsa, shi ma a cikin littafin da zai sayar. Wane irin kuskure ne ake musunsa shekara goma sha biyar?

Malam Ƙarami: Kawu ya yi gaskiya. Ko a fiƙihu hukuncin kuskure daban, na ganganci daban. Kuma caca haramun ce da nassi, ban ga dalilin da zai sa Musulmi ya tsaya yana kare mai yinta ba.

Direban Ohayo: Malam, ba liman za mu naɗa shi ba. Zauren 'yan wasa ne.

Malam Ƙarami: To ka janye kalmar kuskure tukuna.

Direban Ohayo: Ba zan janye ba. Ƙungiyarsa yake sa wa kuɗi ta ci, ba a taɓa kawo hujjar cewa ya sayar da wasa ba.

Kawu na Bronx: Ranar da bai sa kuɗi ba fa? Me ya gaya wa 'yan caca da shirunsa? Kocin da kuɗinsa ke kan wasan yau zai iya gajiyar da mai jifansa mafi kyau, ya bar na gobe ya lalace. A nan ɓarnar take.

Ɗan Zongo: Ni munafuncin ne ke ba ni haushi. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe ƙofar cacar wasanni a 2018, ba ka kallon wasa minti goma ba tare da tallar caca ba. Su suna cin kuɗinta, shi kuma yana waje.

Kawu na Bronx: 'Yan kallo aka buɗe wa, ba 'yan wasa ba. A 2024 ma an kori ɗan wasa Tucupita Marcano har abada kan wannan laifin, ban ji kowa ya kira nasa kuskure ba.

Direban Ohayo: Mu bar ɓoye-ɓoye. Kawu ɗan Yankees ne, kuma Reds sun share su huɗu da nema a World Series na 1976, Rose yana ciki. Hassada ce kawai.

Kawu na Bronx: A 1976 ko haihuwarka ba a yi ba. Mai kofi 27 zai yi wa mai biyar hassada? Kuma ni ka kira mai hassada a gaban yara?

Direban Ohayo: Alex Rodriguez naku fa, da aka dakatar kakar 2014 gaba ɗaya kan ƙwayoyin ƙara kuzari? Nasa kuskure ne ko ganganci?

Kawu na Bronx: Ka nemo inda na taɓa kare shi. Shi da Barry Bonds mai bugun waje 762, duk su zauna waje tare da Rose ɗinka.

Ɗan Zongo: Wannan "ya fi kowa" ɗin ma akwai magana. Ichiro Suzuki yana da bugu 1,278 a Japan da 3,089 a nan. Ku haɗa, 4,367. Kuma shi ya shiga Zauren a 2025 ba tabo ko ɗaya.

Direban Ohayo: Gasar Japan daban. In haka ne a haɗa wa Rose nasa na ƙananan gasanni mana.

Hajiya Mai Tuwo: Direba, bar Japan. Ka ba Kawu haƙuri. Shi ya ɗauko ka daga filin jirgi lokacin da ka zo ƙasar nan, kowa ya sani.

Direban Ohayo: Hajiya, meye haɗin wannan da besbol? Kullum sai an yi min gori da wannan ɗaukowar.

Malam Ƙarami: Ba gori ba ne, tunatarwa ce. Kuma tunda magana ta zo nan, mutanen Ohayo har yau ba ku turo kuɗin walimar Sallah ba.

Direban Ohayo: Mun tura tun makon jiya! A tambayi ma'aji. Duk abin da aka tara a Bronx ake cinye shi, mu sai dai mu ga hotuna.

Kawu na Bronx: Yanzu kuma ɓarayi muka zama?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Kowa ya yarda Rose gwarzon mai bugu ne, kuma mu da muke zaune a Ohayo mun fi kowa sanin abin da ya yi wa garin nan. Yawanci sun amince cewa hukuncin ya yi tsauri, kuma cacar ciwo ce ta kama shi, ba mugunta ba. Kawu ya kawo 'yan ƙorafe-ƙorafe, an kuma ba shi amsa. Yanzu magana na hannun kwamitin Zauren Gwaraza mai mutum 16 da zai zauna a Disambar 2027, in an sa sunansa a takarda yana buƙatar ƙuri'a 12, kuma in akwai adalci zai samu. Direba ya kira Kawu a waya yau. Zancen kuɗin Sallah sai taron Lahadi.

Malam Ƙarami: Ranka ya daɗe, wane yawanci? Ni da Kawu mun ce ganganci, Ɗan Zongo na tsakiya, Hajiya ba ta faɗi ra'ayi ba. Mutum ɗaya ne ya ce ciwo.

Kawu na Bronx: An ba ni amsa a ina? Na yi tambaya kan ranar da bai sa kuɗi ba, har yanzu ba wanda ya tanka. Kuma kada ya kira ni, ya zo nan inda ya ce min mai hassada ya janye.

Hajiya Mai Tuwo: Ma'aji ya ce rabi kawai ya gani daga Ohayo.